Ɗakin su Ladi a Layi na Uku

Shekarar da annoba ta tsayar da jirage, na maƙale a wani ɗan ɗaki a Naif, unguwar 'yan kasuwa a ƙasar waje, ni da katan-katan na takalman da ban samu tura su Kano ba. Babu kasuwa, sai waya. A nan wani ya saka tsohon hoto a zauren hirar waya na 'ya'yan barikinmu: matan soja jere a gaban layi na uku, lokacin yaƙin basasa. Ga Iya, kakata, zaune a kan turmi. Ga ni a gefenta, 'yar shekara tara, na dafa kafaɗar ƙawata Ladi.

Dokar bariki ce, in soja ya mutu a fagen daga, iyalinsa su bar ɗaki. Da labarin mutuwar baban Ladi ya zo ta bakin wani da ya dawo da rauni, sai matan layi suka haɗa baki suka rufe. Duk Asabar ana wanke kakinsa a shanya, kamar yana hanya.

Ni na faɗa wa Sajen da ke zagayen ɗakuna. Bai ma tambaye ni ba. So nake a san na san wani abu.

Ranar da aka fitar da kayan su Ladi, Iya ta tara mu a bakin murhu kamar kullum.

"Ku matso, ga ta nan, itacen ba yawa."

Ta ce zabuwa ta ɓoye ƙwanta a gindin ƙaya, daga kurciya sai tsohon kunkuru suka sani. Kurciya ba muguwa ba ce, surutu ne da ita. Dila na wucewa ta shiga ba shi labari. Zabuwa ta dawo ta tarar da ɓawo, ta dubi kunkuru ta ce, "Kai ne." Kunkuru ya ja kansa ciki.

Na ce, "Iya, kurciyar fa?"

"Ke mai bakin aku, kurciya ƙarama ce. Kunkuru na da ƙoƙon baya, zai ɗauka. Tashi ki kwanta."

Shekara hamsin ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin jan kunne kan surutu. Sai da Ladi ta rubuta a ƙarƙashin hoton: "Waccan tsohuwar ta kan turmi ita ta kai mu ƙara. Har babata ta rasu ba ta yafe mata ba." Mutane suka yi ta Allah wadai. A nan na gane Iya riƙe mini laifina ta yi kafin in girma. Na girma, na aurar da 'ya'ya, na je Makka, ban taɓa karɓar kayana ba.

Sau uku ina naɗar murya ina gogewa. Na huɗun na tura cikin zauren, kowa ya ji: "Ladi, Asabe ce. Ba Iya ba ce, ni ce."

Bayan kwana biyu ta amsa.

"Na ji. Iya na yafe mata, ni ma ta yafe mini. Ke kuwa, Asabe, ki ba ni lokaci."