Hantar Akuya da Ruwan Sukari

A shekarata ta ƙarshe a makarantar kimiyya ta Kaura Namoda, malamar da ke duba aikina ta ba ni tambaya guda. Nama duk ƙwayoyin halitta ne ƙanana, kowace da cibiyarta a tsakiya. Ta ce in gano wanne ya fi nauyi in girmansu ɗaya: tsokar hanta sukutum, ko waɗannan cibiyoyi in an ware su.

Ga yadda aikin yake. In markaɗa hanta cikin sanyi, in tace, in sa a injin juyi har cibiyoyin su kwanta a gindin kwalba. Sannan in dama ruwan sukari kwalba-kwalba, daga tsararo zuwa mai kauri, in ga inda kowanne zai tsaya.

Karon farko wuta ta ɗauke injin na tsakiyar juyi, ƙanƙarata ta narke, hantar ta lalace. Na koma mahauta washegari. Karo na biyu da na uku komai ya tafi daidai, sai dai gutsuren hantar ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Yau ya nutse a kwalbar da jiya ya yi iyo. Malama ta ce, "In ya gagare ki, mu sauya miki wani aikin." Na ce a'a, ta ƙara min mako biyu.

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa gida, Zurmi, ina ta addu'a saboda halin hanya. Mahaifina mahauci ne, bai taɓa zama aji ba. Na nuna masa hotunan hantocin a waya, ina ba shi labari. Ya daɗe yana kallo.

"Wagga ta ragon turka ta," ya ce. "Kin ga ta yi fari-fari? Kitse na. Waccan ko ta dabbar kiwon daji ta. Kin taɓa ganin kitse ya nutse cikin romo?"

"Baba, ashe ni ke cakuɗa su!"

"Ke dai nemi iri guda."

Nan take ya buga wa wani abokin sana'arsa na Kaura waya, ya ce ya riƙa ware min hantar akuyar Fulani, mai kiwon daji, da zarar an yanka. Kullum da sassafe ina bakin mahauta da kular ƙanƙara, in hau kabu-kabu zuwa makaranta kafin rana ta yi zafi.

Sau biyar na maimaita. Duk biyar ɗin gutsuren hantar ya tsaya a kwalba ɗaya, cibiyoyin kuwa suka ratsa har ruwan da ya yi kauri kamar zuma, suka kwanta ƙasa. Su suka fi nauyi, nesa ba kusa ba. Malama ta ɗiga abin da ya kwanta a gilashi, ta leƙa madubin ƙara girma, ta matsa ta ce in leƙa. Ga su nan birjik, shuɗi-shuɗi saboda rinin da muka sa. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in kawo babi na huɗu, na sakamakon binciken, ranar Litinin.