Bashin Da Ba A Ambata Ba Ranar Jana'izar Baba

A shekarun da suka biyo bayan babban fari, ni budurwa ce mai yawan mafarki. Na gama lakkol, wato makarantar boko, a Damagaram, na dawo Tanut ina jiran aikin koyarwa, kuma ba abin da nake so kamar in zauna gindin aduwa ina rubuta waƙe a kan raƙuman da ke wucewa arewa. Mahaifina yana da ɗan kamfanin haƙa rijiyoyi tsakanin Tanut da Belbeji, ni ce mai cika takardun lampo, wato harajin albashin ma'aikatansa, in kai biro, ofishin masu karɓar lampon. Da aiki ya tsaya, ya rushe kamfanin bisa doka, ya sallami kowa da haƙƙinsa. Ni kuwa sai na ɗauka takardun watannin ƙarshe sun mutu tare da kamfanin, ban kai su ba.

Baba ya rasu gabanin damina. Ranar jana'iza liman ya tambaya ko akwai mai binsa bashi, baffana ya ce babu, jama'a suka shaida. Bayan an yi girbi sai ga takarda daga biron lampo, an ci kamfanin tara saboda jinkiri. Baffa ya yi dariya, ya ce kamfani ya mutu, mai shi ya mutu, kabari za su kai wa sammaci? Inna ba ta yi dariya ba. Ta daina cin abinci sosai, kuma tambaya ɗaya ta yi mini: ko ke nan da nauyi a kansa aka kwantar da shi?

Na roƙi Baffa ya miƙe bayan sallar Juma'a ya faɗa wa jama'a cewa akwai bashin da ba a sani ba, kuma ɗiyar marigayi ta ɗauke shi a wuyanta. Ya ce za a yi mana dariya, mace da bashin gwamnati. Na ce gara a yi mini dariya da Baba ya ɗauki laifina. Ranar Juma'a ya miƙe ya faɗa.

Daga nan na je biro da kaina. Ma'aikacin ya bayyana mini cewa rushe kamfani ba ya shafe abin da ya hau kansa tun yana raye. Na cika takardun da na bari, na rubuta takardar neman sassauci, na faɗi gaskiya cewa sakacin nawa ne. Aka rage tarar, saura na biya kaɗan-kaɗan daga albashina bayan an tura ni koyarwa Ollelewa. Ranar da na kawo shaidar biya ta ƙarshe, Inna ta shafa takardar duk da ba ta karatu, ta dama fura aka raba sadaka, ta cinye tuwonta tas.

Ku 'yan uwana masu riƙe wa iyaye takardu, kada ku ce an rufe ƙofa ke nan an gama. Ku kai na ƙarshe kamar yadda kuka kai na farko. Har yau ina rubuta waƙe, amma ban taɓa rubuta abin da nake alfahari da shi kamar waccan takardar neman sassauci ba.