Garmar Nababa a Maƙerar Abarshi

Abarshi maƙeri ba ya shiga da ƙarfen mutane cikin gida. Ko wuƙar yankan kuɓewa aka kawo masa gyara, a jikin ginshiƙin rumfarsa yake rataye ta, inda mai ita zai hango daga hanya. Ruwan sama ya dake ta, rana ta dake ta, ba ya ɗaukewa. Baƙi sukan ce sakaci ne. Mu 'yan gari mun san dalili.

Maƙerin baƙi ne, ɗan maƙerin baƙi, a nan Birnin Gwari. Garma da fartanya da gatari su ne aikinsa. Jan ƙarfe kuwa, wanda matan Fulani ke so a yi musu munduwa da shi, sai fatake sun kawo daga Kano, kuma na maƙeran fari ne. Abarshi ya daɗe yana kallon aikin nan da gefen ido.

A shekarun da Turawa suka zo haƙar zinariya, wani daga cikinsu ya kafa sansani a bakin daji. Gara ta dame shi, tana cinye itatuwan da ake tokare ramuka da su, sai ya riƙa jiƙa su a wani ruwan magani mai launin shuɗi. In ruwan ya tsufa, leburori su juye shi a wani kududdufi bayan sansanin. Ko akuya ba ta sha.

Abarshi yakan je can gyaran diga. Wata rana awartakinsa ya faɗa kududdufin, bai samu cirowa ba sai bayan kwana biyu. Ya fito ja wur. Ya kankare jan da wuƙa, ya shanya, ya zuba a 'yar tukunyar yumɓu, ya rufe da gawayi ya yi ta zuga. Abin da ya kwanta a gindin tukunyar bai fi ƙwayar gujiya ba, amma jan ƙarfe ne.

Daga nan ya shiga zuba tsofaffin ƙusoshi da guntayen da ke maƙera a kududdufin. Matarsa Saude ce ta fara sa munduwar da ya ƙera da jan ƙarfen. Kafin wata ya ƙare, matan rugage uku sun aiko. Guntaye suka ƙare. Ya kuma lura ƙarfe mai faɗi ya fi tara ja.

Lokacin bazara ne. A ƙasar nan manomi yakan kai garmarsa wa maƙeri tun rani, a ƙara mata baki, ba ya waiwayarta sai hadari ya fara haɗuwa. Guda goma sha ɗaya ke jingine a ɗakin Abarshi.

Ƙusoshin da yake zubawa, bai taɓa tsayawa ya duba yadda suke komawa ba, tun da na yarwa ne. A ganinsa ruwan yafa wa ƙarfe ja yake yi, kamar yadda lalle ke kama hannu. Saude ta gan shi yana ɗaure garemani a tsohuwar tabarma.

“Malam, waɗannan ai da masu su.”

“Wanka kawai za su yi su dawo.”

“To. Allah ya sa su dawo da ƙibarsu.”

Sau huɗu suka yi wankan. Da ya zo ƙara musu baki ya ji sun yi sauƙi a hannu. Ya ji. Ya dai gasa su suka yi baƙi, ya miƙa wa kowa tasa.

A cikinsu akwai ta Nababa, mutumin Tabanni, wanda ya girme shi da kaɗan. Uban Abarshi ne ya ƙera ta wa uban Nababa, da ƙarfen tama da ya narka da kansa. Ranar da Nababa ya kira gayyar huɗa, ga makaɗa, ga mata da ƙwaryar fura, shi ne a gaba. A kunya ta uku garmar ta rabe biyu. Kafin azahar wasu biyu suka bi ta. Aka ɗaga ɓarin ana dubawa: cikinsa ramuka ne kamar saƙar zuma, kowane rami da ɗan ja a ciki.

Washegari Nababa ya zo maƙera, ya zauna a kan kututture, suka gaisa har da tambayar iyali. Sannan ya ajiye ɓarin biyu a ƙasa.

“Abarshi, garar bana ta yi haƙori. Har ƙarfe.”

Abarshi ya ci gaba da tona gawayi.

“Na ce ko kai ma ta shiga maka ɗaki, in aro maka maganin Bature.”

“Yaya Nababa…”

“A'a, bari. Tsohonka ya ce wa tsohona garmar nan za ta kai jikoki. Ka ga shi ma bai san da garar ba.”

Saude ta fito da ruwan sha. Nababa ya karɓa, ya dubi hannunta, ya yi godiya. Ba a ƙara ganin munduwar ba.

Nababa bai kai ƙara gun alƙali ba, bai faɗa wa kowa ba, ko da yake babu wanda ke buƙatar a faɗa masa. Ya koma kai aikinsa Kakangi, tafiyar da ba ƙarama ba, kuma duk ranar kasuwa sai ya tsaya ya gai da Abarshi da kyau. Ina jin gaisuwar ta fi zagi nauyi.

Abarshi bai sake taka bakin kududdufin ba, kuma tun daga nan ne ya daina shiga da ƙarfen mutane cikin gida. Cikin damina biyu ya ƙera sababbi goma ya aika wa masu su, suka karɓa. Ta Nababa ce ta gagara. Ya ƙera ɗaya da ƙarfen mota, ya duba, ya ce ba irinta ba ce. Tama yake so, ga shi an daina narka ta tun da ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, tsofaffin da suka iya sun ƙare. Kowane rani yakan shiga dajin Kamuku da jaki ya ɗebo duwatsu, ya gina murhu kamar yadda yake tuna na ubansa. Sau da yawa kashin ƙarfe kawai yake samu.

A shekara ta tara ya sami dunƙule mai kyau. Ya buɗe shi, ya fitar da gefe ɗaya, sai ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Nababa na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da aka zo share maƙera aka tarar da ƙarfen a gefen murhu, rabi garma, rabi dunƙule.