Silo Bakanike da Labulen Taga

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Silo bakanike a shekarar 1948, a wani gari da ke bakin babban titi, ko da yake har gobe ƙannensa mata biyu ba sa ga-maciji a kan wannan shekara, don ƙaramar ta rantse an ƙara masa shekaru ne domin a tsofar da ita. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa mai kitso, wadda aka tabbatar tana jin raɗar da ake yi a gida na uku. Kunnenta ya gado, alhamdu lillahi bai gaji bakinta ba.

Karatu da sana'a

An sa shi makaranta a 1955, ya bar ta a 1960 ba sallama, ya tare a gareji. A nan Allah ya buɗe masa ilimin kafireta, wato 'yar tukunyar nan da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. In mai ya yi yawa, babur ya shaƙe ya yi ta baƙin hayaƙi; in iska ta yi yawa, ya kama tari da atishawa. Shi kuwa sai ya runtse ido, ya karkata kai, ya riƙa murɗa sukurun iska kaɗan-kaɗan har inji ya kwanta yana numfashi a hankali shi kaɗai, abin da makanikai ke kira silo. Sunan ya bi shi har kabari, na yankan ma ya ɓace.

Aure da iyali

A 1974 ya auri wata tela da ake kira Mai Keke, mace mai baki kamar reza. Ta kafa keken ɗinkinta a gindin tagar da ke kallon rumfarsa ta ƙofar gida, kuma tun makon farko aka fara.

"Wannan ƙara taka ita za ta yi ajalina!"

"Naki keken fa? Ai shi ma inji ne."

"Nawa riga yake haifa, naka hayaƙi!"

A haka dai, cikin hayaƙi da faɗa, aka samu 'ya'ya huɗu. A 1980 ya mallaki jan babur ɗinsa, wanda bai taɓa yarda wani ya taɓa masa kafireta ba.

Jarrabawa

A wajajen 2003 kunnen ya fara tafiya. Silo ya ɓoye, domin ya san ranar da aka ji Silo ba ya jin silo, rumfa ta mutu, suna ya mutu. Amma wani mai kai burodi ya yi ta dawo da babur ɗinsa, har ya ce a gaban jama'a, "Baba Silo, ko dai hannu ya tsufa ne?" Silo ya ga baki na motsi, ya zaci barkwanci ne, ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. Da ya ga babu wanda ya taya shi, sai ya shiga gida ya zauna. Mai Keke ta kafa baki a kunnensa.

"Iska ka cika masa, kurma! Tun daga nan nake jin yana tari."

"Ke me kika sani?"

"Shekara nawa kana ɗura min wannan masifa a kunne? Gobe ka dubi labule. In na buɗe, ƙara iska. In na ja, rage. In na ƙulle shi, cire hannunka. Asirinka kuwa a rufe har kabari."

Kashegari aka gwada. Jama'a, sai ga babur ɗin mai burodi ya kwanta luf kamar jaririn da ya ƙoshi! Daga nan rumfa ta cika ta batse, ana turo tsofaffin babura daga garuruwa masu nisa. Sai dai an lura Silo ya daina runtse ido, taga yake kallo. Wasu suka ce aljani ya ajiye a ɗaki. Matan unguwa suka ce tsohuwa ce ke leƙen samari. Mai Keke, wadda ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta mayar da goma ba, ta haɗiye wannan duka. Ranar da suka yi faɗa kuwa labule ko motsi, sai a ji Silo yana cewa, "Injin nan ya yi zafi, dawo gobe," ya shige ciki ba da haƙuri.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2019 bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa a ranar, babura suka toshe titi har maƙabarta. Ana cikin zaman makoki, babban ɗansa, wanda ya daɗe yana cika baki cewa shi ya gaji kunnen, ya fito da jan babur zai kai baƙi tasha. Babur ya kama tari. Ya murɗa nan, ya murɗa can, gumi har gemu.

"Yaya, rage iska," in ji ƙanwarsa Auta, wadda ta daɗe da gano sirrin labulen.

"Wa ya sa da ke?"

"Ba ni ba ce. Dubi taga."

Labule na jawuwa a hankali. Don kunyar idon mutane ya bi shi da sukundireba. Aka buɗe kaɗan, ya ƙara. Aka ƙulle. Babur ya kwanta luf! Mai burodi, da furfurarsa, ya miƙe yana salati: "Ashe Silo a ɗaki yake!"

Murya ta fito ta taga: "Har kabari na ce, an kuwa kai shi. Ba zan zauna ina ji ana yanka masa babur ba."

Allah ya jiƙan Silo, ya sa ya huta. Ya bar matarsa Mai Keke da 'ya'ya huɗu: Direba, da Nas, da Auta, sai Babban Yaya magajin rumfa, wanda ya jefar da sukundireba ya shige gida ya bugo ƙofa garam, babur kuwa ko gezau, yana ta numfashinsa.