Dolon da Ya Rubuta Wasan

Gidan talabijin ya sallami Dolo ranar Alhamis, bayan shekara da shekaru yana aiki. A wajen walimar bankwana, shugaban sashen wasanni ya roƙe shi ya sake faɗuwa daga kan kujera don baƙi su yi dariya. Dattijo ne mai ciwon gwiwa. Ya faɗi, aka tafa. Ba wanda ya ambaci cewa shi ke rubuta shirin.

Dolo sunan da yake fitowa da shi ne a wasan, wani maigadi mai shirme. Kullum da hantsi yakan zauna a ɗakin ajiye kayan wasa ya rubuta fitowar ranar. Da yake wasu 'yan wasan karatu na ba su wuya, sai ya miƙe ya taka wa kowa rawarsa: ya yi attajirin, ya yi matar da aka cuta har da kukanta. Maganganu masu nauyi nasu ne. Nasa rabon mari da faɗuwa, don ba mai so.

Mai ɗaukar hoto ya shaida mini yadda yake ceton wasa. "In jarumi ya manta maganarsa, sai Baba ya tsoma baki: 'Ranka ya daɗe, ba cewa za ka yi ka yafe mata ba?' Jama'a su ce kai, wannan maigadi da katsalandan. Alhali tuna masa yake."

Matar Dolo ba ta ga abin dariya ba. "Jikansa ya dawo daga makaranta yana kuka, wai ana ce masa jikan Dolo. Na ce Malam, kai ka rubuta marin nan, ka rage mana shi. Ya ce to wa zai sha?"

A ƙarshen kowane shiri, sunan shugaban sashe ke fitowa a matsayin marubuci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Baba, kai ne ginshiƙin da ba a yi wa fenti. Ka sa mu kuka da bakin wasu, ka sa mu dariya da jikinka. Mun gode. Masu tasowa su koyi aikinka, amma kada su koyi shirunka.

'Yarsa ta nemi a gyara sunan kafin a fara maimaita shirin a wata mai zuwa. Gidan talabijin ya ce yana dubawa.