Kofi Biyu da Ba a Sha Ba

A cocin nan kowa ya san Inna Tela. Ranakun mako tana kan keken ɗinkinta a ƙofar gida, tana faɗa da masu kawo guntun yadi suna neman babbar riga. Ranar Lahadin da ake Jibin Ubangiji kuwa, da an watse sai ta bi benci-benci da tire, tana zare ƙananan kofunan da aka sha ruwan inabi daga ramukan da aka huda musu a bayan kujeru, ta kai su ɗan ɗakin famfo da ke bayan bagadi ta wanke. Makullin ɗakin yana ƙulle a bakin zanenta tun 'ya'yanta suna goye.

Abin da ya same ta ba shi da suna, shi ne ma abin haushin. Ba wanda ya mutu. Maigida lafiyarsa lau, cinsa ma ƙaruwa ya yi. Kawai wata safiya ta durƙusa za ta yi addu'a kamar kullum, sai ta ji kamar tana magana cikin tulun da babu ruwa. Ta ce gajiya ce. Gajiyar ta ci wata, ta shiga wani.

Ba ta zauna ba, don ba halinta ba ne. Ta yi azumi har ta kasa zura zare a allura. Ta bar addu'a a ɗaki ta koma tsakar gida, ta dawo ɗaki. Sai ta ɗinka hannun riga ta farke, ta sake ɗinkawa, alhali ba abin da ya yi. Da ta gaya wa maigida, sai ya taɓa goshinta ya ce, “Anya ba zazzaɓi ba ne?” Ƙanwarta kuwa, mai saurin hukunci, cewa ta yi, “Yaya, ki binciki kanki, akwai abin da kika ɓoye.” Ta bincika har ta nemi gafarar matar da suka yi cacar baki kan igiyar shanya tun shekarun baya. Matar ma ta manta. Shiru dai yana nan.

Daga nan ta daina shan kofin Jibin. A cocinsu kowa kan ɗauki nasa ya riƙe, a sunkuya a rufe ido, a sha tare. Ita sai ta kai baki, ta mayar da shi cike cikin raminsa. Tana ganin rashin kunya ne ta sha daga hannun wanda ba ta ma tabbata yana jin ta ba. Wa zai kama ta? Ai ita ce mai wanki.

Ana nan, wata Lahadi ta tarar da wani kofin cike, a bencin bakin taga. Wurin Baba Amin ne, tsohon direban da in ya ce “amin” a coci har jarirai ke farkawa daga barci. Da fari haushi ta ji: duk wannan hayaniyar ashe iska ce? Daga baya tsoro ya kama ta, don in har shi ma ba ya sha, to wa ya rage? Kowane Jibi sai ta fara da bencinsa kafin wani ya gani, ta zubar da nasa da nata a ramin famfo.

Ƙarshe ta yanke shawara za ta mayar wa matar fasto makulli, ta huta da munafunci. Ta san kuma da makullin ya fita hannunta, ƙafarta ma za ta ɗauke daga cocin. Ranar ta kwance shi ta ajiye gefen famfo. Kofuna biyun nan suna kan tire, ba ta kai ga zubarwa ba, sai ta ji ƙarar sanda a bakin ƙofa.

“Sannu da aiki, 'yata,” in ji Baba Amin. Ya daɗe yana kallon tiren. “Na zo ne in ba ki haƙuri. Ina ta bar miki kaya kina rufa mini asiri. Wannan nawa ne, na sani. Ɗayan fa?”

Ta so ta ce na wata baƙuwa ne. Bakinta ya ƙi.

“Nawa ne, Baba.”

Tsohon ya zauna a kan bokitin da aka kife. “Ke ma?”

“Ni ma. Ina kira, ba a amsawa.”

“Ni tun bara. Amin ɗin nan da kike ji, don kada in ji shirun nake ɗaga murya.” Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. “Kullum roƙona ɗaya: Ubangiji, in dai kana nan, nuna mini ko mutum ɗaya da zan gaya wa. Ashe ke ce kike bayan bango kina zubar da kofina.”

Inna Tela ta tsaya da soso a hannu. Ita ma roƙonta ke nan, kusan kalma da kalma, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

“Baba, ya halatta mu sha a haka?”

“Almajiran da Ubangiji ya fara miƙa wa kofin nan, a daren suka watse suka bar shi. Ya san halinsu, ya miƙa musu. Miƙo nawa.”

Ya miƙe, suka sha a tsaye, tsakanin tsintsiya da bokiti. Ba ta ga haske ba, ba ta ji murya ba. Ruwan inabin har ya yi ɗumi. Baba ya ce amin a hankali, yadda ba ta taɓa jin ya faɗa ba, ita kuma ta amsa, karon farko cikin watanni.

Ya ɗauki tsumma ya fara goge kofuna, yana yi ba daidai ba. Ta ƙwace ta nuna masa yadda ake yi. Da suka gama, ta ɗauki makullin ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja ƙullin sosai.