Madubin da Bawa Ya Zaɓa

Duk wanda ya tashi a Kurawa zamanin Turawa ya san Bawa Soja, dogon nan mai zama gindin tsamiya a bakin gulbi. Ni Wada maƙwabcinsa ne, danga ɗaya ta raba mu, kuma har yau raina na ɓaci in na ji ana cewa wai taɓin hankali gare shi. Hankalinsa garau. Baƙin ciki ne ya cinye shi.

Bawa ya je yaƙin Bama, yana ɗaukar wa wani hafsan Bature kaya. Da za a sallame su, Baturen ya ajiye masa madubin hangen nesa guda biyu, ya ce ya zaɓi ɗaya. Ƙaramin ba nauyi, yana jawo abu sau shida, yana kuma nuna fili da faɗi, hagu da dama. Babban yana jawowa sau goma sha biyu, har ka ga haƙoran mutum daga ƙetaren gulbi, sai dai abin da yake nunawa ɗan kewaye ne kamar bakin tulu, ga nauyi, ga rawa a hannu. Baturen ya ba shi shawarar ƙaramin, ya ce mai tsaro faɗi yake nema. Bawa ya ce, "Wanga babba nika so, ranka shi daɗe."

Da ya dawo mun sha yi masa tsiya, muna cewa zarin soja ne. Ashe da dalilinsa.

Mairama ce 'yarsa ta fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ƙare masa kallo. Kunya ce, haka muka tarar. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ya tafi yaƙi tana budurwa, ya dawo ya iske ta a ɗakin mijinta ƙetaren gulbi. In ta zo gaisuwa sai ta durƙusa nesa, shi kuma ya ce, "Ke, kun wuni lahiya?" idonsa na kan ƙotar da yake sassaƙa.

Saboda madubin nan mai gari ya ba shi gadin mashigi da damina. Gulbinmu mayaudari ne. Sama tangaran a nan, amma an sheƙa ruwa can ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki, sai kan ruwa ya taho ja wur da itace da kumfa. Aikin Bawa ya hango shi tun daga nesa, ya busa ƙaho, kowa ya fice. Damina uku ko ɗan akuya bai salwanta ba.

Amma ranar kasuwa, in matan ƙetare sun shigo mashigi, sai ya ɗora madubin a kan reshen tsamiya don kada ya yi rawa, ya murza shi har hoto ya fito sarai, ya nemi 'yarsa. Ya taɓa ce mini, "Wada, ka san tana da wushirya irin ta innata? Shekara ashirin ban sani ba, sai da madubin ga yag gwada min."

A damina ta huɗu, wata kasuwa da hantsi, mata suka shigo, ruwa iya gwiwa. Mairama na tsakiyarsu ɗauke da ƙwaryar daddawa, tana dariya, shi kuwa bai taɓa ganin ta yi dariya irin wannan ba. Ya manne ido ga madubin. A cikin ɗan kewayen nan babu komai sai fuskarta. Kan ruwan ya karyo kwana ta hagu, madubin bai nuna masa ba. Ƙugin ne ya sa ya sauke shi.

Ya busa ƙaho. Mata suka watsar da kaya suka ruga gaɓa. Ƙwaryar Mairama ta suɓuce, ta juya za ta kamo ta. Bawa ya yi ta ihu, "Ke! Ke!" Wace ke, mata sun fi goma cikin ruwa? Sai ya buɗe baki iya ƙarfinsa: "Mairama!"

Ina wurin, da kunnena na ji. Ta tsaya cak, ta ɗago kai tana neman mai kiran, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba. Wannan tsayuwar ce ruwan ya iske ta. Sai washegari aka samu gawarta a cikin ciyawar fadama.

Ba wanda ya ɗora masa laifi, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Shi dai ya naɗe madubin a tsumma ya rataye a ɗaki, ya koma gadi da ido tsirara. Ko ruwa ya ɗan motsa sai ya busa ƙaho, shi ya sa aka fara ce masa mahaukaci.

Dab da rasuwarsa na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko yana da-na-sanin barin ƙaramin.

"Da na ɗauki ƙaramin, Wada, da tana nan da ranta," in ji shi. "Kuma da har in mutu ban san huskatta ba."